Kofin Saje Filibus

Shekara goma sha tara nake hura gawayi
a bakin tashar Zuru, tun kafin ladan ya gyara murya.
Na san mai son madara ta yi kauri,
na san mai cewa "rubuta" ya ɓace sai kaka.
Saje Filibus ne na rasa inda zan sa shi.

Ya tafi soja yana shanye kofi uku a tsaye,
ya dawo daga Fatakwal da fansho, da ɗingishi,
da wani littafi mai shuɗin bango a aljihu.
Na haɗa masa irin na da, mai ganye biyu.
Ya dubi tiririn kamar mai duban tsohuwar budurwa,
ya turo mini abina.
"Nomau, ruwan zafi. Sa madara in ka ga dama."

Ciwo ne? A'a. Likita ne? A'a.
Alkawari ne, in ji shi.
Ba shayi, ba gahawa, ba taba.
Ko burkutun Uhola da dangi suka miƙo a ƙwarya,
hannu biyu ya karɓa, ya gode, ya miƙa gaba.
Direbobi suka ce, "Momon? Wane irin coci ne
yake gaba da tukunyar talaka?"
Ya yi dariya har giɓinsa ya fito.

Falonsa ne majami'arsu:
benci biyu, Rifkatu, jikoki uku,
da wani malamin asibiti ɗan Kalaba.
Burodin da suke gutsurawa ran Lahadi nawa ne,
na jiya, don ya fi riƙe kansa.
Ban taɓa ƙara masa ko sisi ba.

Lahadin farkon wata ba ya karyawa.
Kuɗin kalaci biyu ya ninke a ambulan,
an ce na masu ƙaramin ƙarfi ne.
Na ce, "Saje, azumin yini guda ai wasan yara ne."
Ya ce, "Naka talatin, amma da masu taya ka.
Ni daga ni sai Rifkatu,
sai ƙamshin ƙwanka mai tsallako katanga."

Ran kasuwa yakan hau babur zuwa Dabai
da littafin rubutu da biro a bayan kunne,
ya durƙusa gaban tsofaffi:
Wa ya haifi Ango? Wa ya haifi wanda ya haife shi?
Gonar wa ya yi wa golmo kafin a ba shi mata?
Wai matattu fasinjoji ne, ba a rufe ƙofar mota ba.
Wai can kudu mai rai yakan shiga ruwa da sunansu,
su kuma in sun so su karɓa, in sun ƙi ba dole.

Na ce, "Mu in an tura ƙasa an naɗe tabarma,
sai addu'a, sai sadaka."
Ya ce, "To, addu'ar wa take iskewa?"
Na buɗe baki, sai yaron mota ya yi kiran Kontagora,
mutum shida suka nemi canji lokaci guda.
Nan maganar take har yau, kusa da gwangwanin sukari.

Amma daren nan na kasa barci.
Sunan kakana na sani. Na ubansa fa?
Da sassafe na tashi Inna Kulu,
ta yi tsaki, ta yi shiru, ta ce, "Magawata.
Dogo ne, masunci, ya fi ka baƙin taurin kai."
Na rubuta a bayan littafin bashi.
Bayan sallar asuba nakan ambace shi yanzu.

Ban bi Saje ba, bai ce in bi shi ba.
Akwai dai wani kofi ja a ƙarshen tebur,
ganye bai taɓa shiga cikinsa ba.
Jiya sabon yarona ya kai hannu,
na buge hannun.